Kuɗin ciyarwa bayan rabuwar aure: idan hali ya canza, ina mafita?

A wannan fitowa, sashen kare haƙƙin 'yan gudun hijira zai yi bayani kan wata magana da ake yawan kawo mana, maza da mata. Aure ya mutu, an yanke abin da ɗaya zai riƙa ba ɗaya duk wata, sai daga baya rayuwa ta juya. Mai biya ya rasa rumfarsa ko ya kwanta ciwo. Ko kuma mai karɓa ta ga haya ta tashi, yara sun girma, abin da ake ba ta bai kai tsakiyar wata ba. Tambayar ita ce: ana iya canza abin da aka yanke?

Amsa a taƙaice: ana iya ragewa, ana iya ƙarawa, ana iya sokewa gaba ɗaya. Amma idan alƙali ne ya yanke, alƙali ne kawai zai canza. Wanda ya canza da kansa ya jawo wa kansa bashi, wani lokaci har da ɗauri. Ga bayanin dalla-dalla. Mun bar wasu kalmomi da Faransanci kamar yadda za ku gan su a takardun kotu, don ku gane su idan kun ci karo da su.

Da farko, wane irin aure aka ɗaura?

Wannan ce tambayar farko da muke yi wa duk wanda ya zo, domin amsarta ce ke nuna ƙofar da za a bi.

A Kodebuwa, dokar aure ta ranar 26 ga Yuni 2019 ta ce auren da aka ɗaura gaban jami'in ofishin magajin gari, wato a meri, shi kaɗai ne kotu ke ɗauka aure. Wanda aka ɗaura a masallacin Ajame ko a ƙofar gidan waliyyi, aka raba goro aka shafa fatiha, aure ne a addini da wajen jama'a, amma idan ba a je meri ba kotu ba za ta raba shi ba, kuma ba za ta yanke wa matar kuɗin ciyarwa na kanta a matsayin tsohuwar mata ba. Yara kuwa haƙƙinsu yana nan daram. Doka ba ta bambanta ɗan da iyayensa suka je meri da wanda iyayensa ba su je ba, muddin an tabbatar da wane ne ubansa.

Wanda ya yi aurensa a gida kafin gudun hijira, a Maraɗi ko Sakkwato ko wani gari na Burkina Faso, lamarinsa daban ne. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Kodebuwa ta amince da ita, ta ce a sashe na 12 a mutunta haƙƙoƙin da mutum ya riga ya samu a ƙasarsa, musamman waɗanda suka biyo bayan aure. Saboda haka duk mai takardar aure daga gida, ta meri ce ko ta kotu, ya adana ta da kyau, ya kawo mu duba tare da masana shari'a kafin a shigar da komai.

Kuɗin kashi uku ne, kada a cakuɗa su

A takardar hukunci za ku ga an rubuta pension alimentaire. Ma'anarsa kuɗin ciyarwa, kuma bai tsaya ga abinci kaɗai ba, ya haɗa da wurin kwana da sutura da magani, ga yara kuma har da karatu. Sunan ɗaya ne, amma abu uku yake iya nufi.

Na farko shi ne wanda alƙali ke yankewa na wucin gadi yayin da shari'ar saki ke gudana. Wannan yana tafiya ne tare da shari'ar, kuma hukuncin ƙarshe ne ke faɗin abin da zai biyo baya.

Na biyu shi ne na tsohuwar mata ko tsohon miji. Tsohuwar dokar saki ta 1964, wadda aka yanke hukunce-hukunce masu yawa a ƙarƙashinta, ta ba kotu damar yanke wa wanda ya yi nasara a shari'ar kuɗin ciyarwa idan ba shi da abin dogaro, kuma ta ce ana janye shi idan buƙatar ta kau. Tun ranar 13 ga Oktoba 2022 akwai sabuwar dokar saki. Don haka ku duba kwanan watan da ke kan takardarku, domin lauya zai tambaya. Ku sani kuma akwai abin da ake kira séparation de corps, wato kotu ta raba zama amma igiyar aure tana nan. A wannan hali wajibin taimakon juna tsakanin miji da mata bai faɗi ba.

Na uku shi ne na yara. Wannan haƙƙin yaro ne, ana danƙa shi ne kawai a hannun wanda ke riƙonsa. Uwa ba ta da ikon yafe shi har abada don ta huta da rigima, uba kuma ba shi da ikon riƙe shi don ya huce haushinsa. A dokar ƙasar nan uba da uwa duka ke ɗaukar nauyin yaro, kowa gwargwadon samunsa. Idan yaran suna hannun uba, uwa kuma tana da samu, shi ma yana iya neman ta ba da nata kason.

A fiƙihun Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, rabon ya ɗan bambanta. Matar da aka saka sakin kome tana da ci da sha da wurin kwana har ta gama idda. Mai ciki tana da ciyarwa har ta haihu. Bayan idda ciyarwar matar ta ƙare, ta yara kuwa tana kan uba. Malamai ma suna auna ciyarwa da halin mai bayarwa da al'adar gari. A nan addini da doka sun haɗu: babu wanda ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, babu kuma wanda ya yarda a bar yaro da yunwa.

Ma'aunin da alƙali ke amfani da shi

Ma'aunin yana da kwano biyu: buƙatar mai karɓa, da samun mai biya. Dokar aure ta ce ana ba da ciyarwa ne daidai da waɗannan biyun, kuma idan mai bayarwa ya shiga halin da ba zai iya ba, ko mai karɓa ya daina buƙata gaba ɗaya ko wani ɓangare, ana iya neman a rage ko a sauke nauyin. Haka kuma idan buƙata ta ƙaru ko samun mai biya ya bunƙasa, ana iya neman ƙari. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Amma alƙali ba ya sake buɗe tsohuwar shari'a. Ba zai sake sauraron wa ya zagi wa ba, ko wa ya fara fita daga gida. Abin da zai tambaya shi ne: me ya faru sabo tun ranar da aka yanke hukunci? Canjin dole ya kasance ya zo bayan hukuncin, ya kasance mai nauyi, ya kasance mai ɗorewa, kuma a iya nuna shaidarsa. Kasuwa ta yi sanyi mako biyu a damina ba canji ba ne. Wanda yake ganin tun farko an yanke masa abin da ya yi yawa ko ya yi kaɗan, hanyarsa ɗaukaka ƙara ce, kuma wa'adinta gajere ne ƙwarai. A tambayi magatakardan kotu wa'adin tun ranar da aka karɓi hukuncin.

Canje-canjen da ake iya kai wa alƙali

Ta ɓangaren mai biya, akwai rasa aiki ko sana'a. Mutanenmu da yawa sun ga haka a 2024, lokacin da hukumar gundumar Abijan ta hana talla a manyan tituna da tura amalanke, aka kuma rushe unguwanni irin su Boribana da Gesko. Wanda tallar takalma ko agogo ce abincinsa, ko wanda kayansa suka salwanta a rusau, yana da abin faɗa wa alƙali. Akwai doguwar jinya, da haɗarin da ya hana mutum aiki, da tsufa. Akwai kuma ƙaruwar iyali, sai dai a nan a yi hattara. Sabon aure da sababbin haihuwa nauyi ne da alƙali zai iya dubawa, amma ba sa share haƙƙin yaran farko.

Ta ɓangaren mai karɓa, idan tsohuwar mata ta sake aure, ko ta samu aikin albashi, ko sana'arta ta kama sosai, tsohon miji yana iya neman a rage ko a soke kuɗin da yake ba ta na kanta. Kuɗin yara ba ya bin wannan. Mijin uwa ba shi ne uba ba, kuma doka ba ta ɗora masa ciyar da 'ya'yan wani ba. Idan kuma ita ce ta kwanta ciwo ko ta rasa wurin sana'a, tana iya neman ƙari.

Ta ɓangaren yara, canjin ya fi yawa, domin yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da ya ishi mai shan nono ba zai ishi ɗan makaranta ba. Tun 2015 karatu dole ne a ƙasar nan ga duk yaro daga shekara 6 zuwa 16, ga kayan makaranta, ga kuɗin mota, ga littattafai. Ciwo mai tsawo kamar sikila ko farfaɗiya dalili ne mai ƙarfi. Haka nan idan yaro ya bar hannun uwa ya koma hannun uba ko kaka, sai a koma wajen alƙali a gyara riƙo da kuɗi tare. Yaro yana zama baligi a doka idan ya cika 18, amma kada uba ya yanke kuɗi a ranar da kansa idan yaron yana karatu ko yana da naƙasa. A duba abin da takardar hukunci ta ce, a nemi shawara.

Tsadar rayuwa ma ana ambatonta. Misali, mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa ya tashi daga jika 60 zuwa jika 75, wato sefa 75,000, tun ranar 1 ga Janairu 2023. Matar da aka yanke wa kuɗi kafin nan, kuma tsohon mijinta ma'aikacin kamfani ne da albashinsa ya ƙaru, tana da hujjar da za ta nuna.

Abin da alƙali ba ya karɓa shi ne talaucin da mutum ya ƙirƙira da hannunsa. Wanda ya ajiye aiki da gangan, ko ya mayar da shagonsa da sunan ƙanensa don a ce ba shi da komai, ko caca da shaye-shaye suka cinye samunsa, kada ya sa ran sassauci. Alƙali yana duban yadda mutum ke rayuwa, ba abin da bakinsa ya faɗa kawai ba.

Ga misali don a gane. A ce wani uba yana samun kimanin jika 150 a wata a rumfarsa kusa da babbar kasuwar Ajame, aka yanke masa jika 30 don yara biyu. Rumfar ta tafi, yanzu yana yi wa wani tsaron shago a kan jika 60. A ɗaya gefen, babbar 'yar ta shiga sakandare, hayar ɗakin uwar kuma ta ƙaru. Duka biyun suna da gaskiya. Alƙali zai ɗora takardun kowa a kan ma'auni. Yana iya ragewa, yana iya barin kuɗin yadda yake, yana iya cewa uba ya ɗauki kuɗin makaranta kai tsaye. Wanda ya zo da shaida a hannu ya fi wanda ya zo da rantsuwa kawai.

Babban gargaɗi: kada ka rage da kanka

Wannan shi ne wurin da mutane suka fi faɗawa rami. Tsohon hukunci yana nan da ƙarfinsa har ranar da aka yi sabo. Duk watan da ba a biya ba, ko aka biya rabi, ragowar bashi ne da ke taruwa.

Bashin ciyarwa kuma ba kamar sauran basussuka ba ne. Dokar karɓar bashi ta ƙungiyar OHADA, wadda ke aiki a ƙasashe 17 har da Kodebuwa da Nijar da Burkina Faso da Mali da Cadi da Kamaru, ta ba alƙali damar ɗaga wa mai bashi ƙafa har zuwa shekara ɗaya, amma ta cire bashin ciyarwa daga wannan sassauci. Dalili a fili yake: ciki ba ya jiran shekara.

Bayan haka, dokar hukunta laifuka ta 2019 ta sa ƙin biya cikin laifin da ake kira abandon de famille, wato watsar da iyali. Wanda kotu ta yanke wa kuɗin ciyarwa, ya yi fiye da wata 2 da gangan bai biya cikakke ba, ana iya gurfanar da shi, kuma hukuncin yana kaiwa ga tara da ɗauri. Katin ɗan gudun hijira ba ya kare kowa daga wannan. Kamar yadda ƙasa ta ba mu mafaka, haka take bin mu da kiyaye dokokinta.

Don haka idan hali ya juya maka, abu uku za ka yi. Ka sanar da uwar yara tun da wuri, da bakinka ko ta hannun dattijo. Ka ci gaba da ba da abin da za ka iya, kana ajiye shaida. Sannan ka shigar da buƙatar ragi ba tare da jiran bashi ya taru ba. Wanda ya zo kotu da kansa a wata na farko, ba ɗaya yake da wanda aka kawo a wata na takwas ba.

Yadda ake shigar da buƙata

Ɗan gudun hijira yana da ikon shiga kotu kamar ɗan ƙasa. Sashe na 16 na yarjejeniyar 1951 ya tabbatar da haka, har da taimakon shari'a. Kodebuwa ma tana da dokarta ta 'yan gudun hijira tun Yuni 2023.

Mataki na farko, a tattara takardu. Ga waɗanda aka fi buƙata:

- kwafin hukuncin da ya yanke kuɗin;
- katin ɗan gudun hijira ko takardar mai neman mafaka;
- takardun haihuwar yara;
- shaidar samu: takardar albashi, takardar sallama daga aiki, rasit na kuɗin rumfa, littafin ciniki;
- shaidar kashewa: rasit na haya, na wuta da ruwa, na makaranta, takardun likita da na sayen magani;
- shaidar abin da aka riga aka biya ko aka karɓa.

Yawancinmu ba mu da takardar albashi, wannan ba ya hana shari'a. Saƙonnin Wave ko Orange Money ko MTN da ke cikin waya shaida ne, kada a goge su. Daga yau duk mai biya ya riƙa turawa ta waya, ko ya sa a rubuta masa a littafi a sa hannu. Kuɗin da aka miƙa wa yaro a bakin titi, ko buhun shinkafar da aka aika ba tare da kowa ya gani ba, yana da wuyar tabbatarwa.

Idan yaro ba shi da takardar haihuwa, a fara da ita. Doka ta ba da wata 3 daga haihuwa don a rubuta yaro a meri. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu an samo abin da ake kira jugement supplétif. Takardar da ke ɗauke da sunan uba ita ce ginshiƙin neman kuɗin yaro.

Mataki na biyu, a rubuta buƙatar da Faransanci, a faɗi abin da aka yanke a da, abin da ya canza, da abin da ake nema yanzu, da adadinsa. A kai ta ofishin magatakardan kotu, wato greffe. Kotun da ta fi kusa da mu ita ce ta Filato, akwai kuma ta Yopugon. A maganar ciyarwa, dokar tsarin shari'a ta yarda a shigar da ƙara a kotun inda mai ƙara yake zaune, ba dole sai inda wanda ake ƙara yake ba. Iyayen da ba su yi auren meri ba, maganar riƙon yara da kuɗinsu tana zuwa gaban alƙalin da ake kira juge des tutelles. Magatakarda zai nuna muku ƙofar da ta dace da takardarku.

Mataki na uku, a sanar da ɗaya ɓangaren ranar zama. Ba a canza hukunci a bayan idon mutum. Wanda sammaci ya iske, ya je. Ƙin zuwa ba ya tsayar da shari'a, sai dai a yanke ba tare da an ji ta bakinsa ba. Wanda ba ya jin Faransanci ya faɗa tun da wuri don a nemi tafinta, kuma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba.

Akwai kuɗin tambur da na rajista da na kai sammaci. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman taimakon shari'a, wato assistance judiciaire. Tun 2016 an tsara a samu ofishinsa a kowace kotun matakin farko. Duk kuɗin da kuka biya a kotu, ku karɓi rasit. Ku guji 'yan kamasho da ke tsayawa a bakin ƙofa suna cewa sun san alƙali.

Idan sulhu aka yi a gida

Mun san da yawa daga cikinmu ba su taɓa taka kotu ba. Liman ne ko sarkin Hausawa ko dattawan dangi suka zauna suka ce baban yara zai riƙa kawo kaza duk wata. Wannan hanya ce mai kyau, ta fi sauri, ta fi rufin asiri. Idan hali ya canza, a koma wajen waɗanda suka yi zaman farko, kowa ya faɗi halinsa, a gyara.

Shawararmu ita ce a rubuta. A sa sunayen yara, da adadin kuɗi, da ranar biya, da wanda zai ɗauki makaranta da magani, da lokacin da za a sake zama a duba, kamar kowace shekara kafin komawa makaranta. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. A bar matar ta yi magana da bakinta a wurin zaman, domin ita ta san abin da tukunya ke ci.

Sai dai a san iyakar wannan takarda. Ba ta da ƙarfin da za a tilasta wa mutum biya da ita sai an kai ta gaban alƙali ya amince. Kuma idan akwai hukuncin kotu tun farko, sulhun gida ba ya goge shi. Idan kun daidaita a kan sabon adadi, ku kai wa alƙali ya tabbatar, don kada wata rana a fito da tsohon hukunci a lissafa bashi.

Inda akwai duka ko barazana, ba ma ba da shawarar zaman sulhu fuska da fuska. A zo wajenmu, ko cibiyar jin daɗin jama'a, wato centre social, ko komisariya mafi kusa.

Idan an ƙi biya

Mai riƙe da hukunci tana iya kai shi ga commissaire de justice, wanda aka fi sani da tsohon sunansa huissier. Idan mai biya ma'aikacin albashi ne, dokar OHADA ta tanadi hanya mai sauƙi: a sanar da mai gidan aikinsa, a riƙa cire kuɗin daga albashi ana ba ta kai tsaye. Idan daga baya alƙali ya rage ko ya ƙara ko ya soke, da zarar an sanar da mai gidan aikin, cirewar za ta bi sabon hukunci. Akwai kuma hanyar kai ƙara wajen mai gabatar da ƙara na gwamnati kan watsar da iyali. A yi tunani kafin a bi ta, domin uban da ke kurkuku ba ya samun abin bayarwa. Amma hanya ce da doka ta buɗe idan an gwada sauran an gaji.

Tambayoyin da aka fi yi mana

*"Malam, a Nijar aka raba aurenmu, takardar tana aiki a nan?"* Hukuncin wata ƙasa ba a zartar da shi a Kodebuwa sai kotun nan ta amince da shi, abin da ake kira exequatur. Idan da Turanci ko Larabci ko Hausa aka rubuta, kamar na kotunan shari'a na Najeriya, sai an fassara shi wajen mai fassarar da kotu ta yarda da shi. Wani lokaci shigar da sabuwar buƙata a nan don yara ya fi sauƙi. Lauya zai auna muku. Ɗan gudun hijira kada ya je ofishin jakadancin ƙasarsa neman takarda kafin ya yi shawara da mu, domin hakan yana iya taɓa matsayinsa.

*"Baban yara ya koma gida, ko ya wuce Gana, ya daina aike."* Barin ƙasa ba ya sauke nauyi, sai dai karɓar kuɗin yana wuya. A nan dangi da shugabannin al'umma sun fi kowa amfani. Ku zo kuma a gyara rajistarku, a rubuta cewa ke ce ke riƙe da yaran.

*"Ta hana ni ganin 'ya'yana, in daina biya?"* A'a, Malam. Ganin yara haƙƙi ne, ciyar da su wajibi ne, kuma ɗaya ba ya zama fansar ɗaya. Ka ci gaba da biya, ka kai ƙarar hana ziyara. Haka ke ma, Hajiya, rashin biya ba ya ba ki ikon rufe masa ƙofa idan hukunci ya ba shi ziyara.

*"Tallafin da nake samu daga hukuma zai sa a soke kuɗin yara?"* Tallafin agaji na ɗan lokaci ne, ba ya maye gurbin uba ko uwa. Amma idan alƙali ya tambaya, a faɗi gaskiya.

*"Sau nawa ake iya komawa?"* Duk lokacin da aka samu sabon canji na gaske. Uban da aka rage wa saboda rashin aiki, idan Allah ya buɗa masa, uwar yara tana iya komawa ta nemi a mayar ko a ƙara. Wanda ya ƙara da kansa kafin a nema, ya kyauta wa 'ya'yansa.

Inda za a samu taimako

Sashenmu yana sauraron kowa, mace ko namiji, cikin sirri. Muna karanta muku takarda, mu fassara, mu haɗa ku da masana shari'a. Mu ba alƙalai ba ne, ba ma yanke hukunci, ba ma kuma goyon bayan wani a kan wani. Hukumar DAARA, wadda ke kula da 'yan gudun hijira a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, tana taimakawa kan takardun shaida. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Kodebuwa, AFJCI, tana ba da shawara kan lamuran iyali. Cibiyoyin jin daɗin jama'a na Ajame da Tireshbil suna sasanta iyaye kan maganar yara.

Duk aikin da muke yi muku kyauta ne. Wanda ya nemi ko dala ɗaya da sunanmu, ku sanar da mu. Idan za ku zo, ku taho da duk takardar da kuke da ita, ko ta tsufa ko ta yage. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda, musamman iyaye mata da ba sa samun fitowa.

Allah ya rufa mana asiri, ya shirya mana zuri'a.